Rana na Dukan Rufi, Gida na Cikin Duhu: Tarihin Solar da ke Ɗaukewa In An Ɗauke Wuta

Idan ka tari mutumin Najeriya ka ce masa akwai gidajen da aka lulluɓe rufinsu da farantan sola, amma da zarar kamfanin wuta ya ɗauke su ma sai su yi ɗif, ko da kuwa da tsakar rana ne ga rana tana ƙwallewa, abin da zai fara ce maka shi ne: to ina amfanin baɗi ba rai? Yana da gaskiyarsa, domin a ƙasar nan ba wanda ke cire kuɗinsa ya sayi sola sai don NEPA ta gaza masa. To amma haka miliyoyin gidaje masu sola suke a Jamus da Amurka da Ostireliya da sauran ƙasashen da wuta ba ta cika yankewa ba. Kuma ba lalacewa na'urar ta yi ba. Da gangan aka ƙera ta a haka, akwai ma ƙa'idojin da suka wajabta hakan, wanda duk bai bi su ba ba za a yarda ya jona kayansa da layin wuta ba.

Abin da ya sa na ga ya kamata mu waiwayi tarihin wannan lamari shi ne, kayan sola sun cika kasuwanninmu, tun daga Alaba a nan Legas har Sabon Garin Kano, sababbi da 'yan gwanjo, kuma da yawa daga cikin 'yan uwanmu mazauna kudu su ne ke saye su aika gida. A cikin kayan nan akwai waɗanda aka ƙera su domin ƙasar da ba a ɗauke wuta. Wanda bai sani ba yana iya zuba dukiyarsa a kan na'urar da za ta riƙa barci a daidai lokacin da ya fi buƙatarta. Mafi muni kuma, yana iya samun wani mai gyara ya "warware" masa matsalar ta hanyar da za ta halaka ma'aikacin da ya hau falwaya a bayan layinsu.

Da batir sola ta fara rayuwa

A watan Afrilun 1954 ne masana uku na cibiyar binciken Bell da ke jihar New Jersey a Amurka, wato Daryl Chapin da Calvin Fuller da Gerald Pearson, suka nuna wa duniya farantin sola na farko da ke bada wutar da za a iya yin wani abin kirki da ita. Kashi 6 cikin 100 kacal na hasken da ya sauka a kansa yake mayarwa wuta. Abin da kamfanin ke nema a lokacin shi ne hanyar ba layukan tarho wuta a wurare masu nisa, shi ya sa gwajin farko da aka yi a 1955, a wani gari mai suna Americus a jihar Georgia, farantin batir yake caji, batirin kuma ya riƙe layin tarhon ƙauye. A 1958 aka maƙala irin wannan faranti a jikin tauraron ɗan Adam mai suna Vanguard 1.

Saboda tsadarta, shekaru kusan ashirin sola ba ta zuwa sai inda waya ba ta kai ba: fitilun da ke nuna wa jiragen ruwa hanya, dandamalin haƙar mai a tsakiyar teku, tashoshin sadarwa a bisa duwatsu. Mu ma nahiyarmu ta ga wannan zamani da wuri, don tun ƙarshen shekarun 1960 aka soma kunna talabijin ɗin koyar da yara da sola a wasu makarantun ƙauyukan Jamhuriyar Nijar, ƙasar Farfesa Abdou Moumouni, masanin makamashin rana da jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa. A duk waɗannan wurare tsarin ɗaya ne: faranti ya tara, batir ya ajiye, a yi amfani da dare ko da rana. Tambayar "me zai faru in an ɗauke wuta" ba ta ma taso ba, tunda babu wutar da za a ɗauke.

Matsalar ita ce batirin. Irin na dalma da ruwan asid ne, ga nauyi, ga tsada, ga neman kulawa, kuma cikin 'yan shekaru yake mutuwa alhali farantin na iya haura shekara ashirin yana aiki. Wani kaso na wutar ma a wurin shiga da fita batir yake salwanta.

Yadda aka yar da batir

Rikicin man fetur na 1973 ne ya sa gwamnatocin Yamma suka fara kallon sola a matsayin abin da gidan cikin birni zai iya amfani da shi. A 1978 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a kan wata doka da ake kira PURPA, wadda ta tilasta wa kamfanonin wuta na Amurka su sayi wuta daga ƙananan masu samarwa. Daga nan sai wata dabara ta ɓullo: tunda layin kamfani yana ƙofar gida dare da rana, me zai hana a mayar da shi kamar rumbu? Da rana ka tura rarar wutarka cikin layi, mita ta juya da baya. Da dare ka jawo abin da kake buƙata. An fara gwada wannan a wasu gine-gine a jihar Massachusetts wajajen 1979 zuwa farkon shekarun 1980, sannan a 1983 jihar Minnesota ta mayar da shi doka.

Jamus da Japan ne suka ɗauki abin suka kai shi nesa. A 1990 Jamus ta ƙaddamar da shirin rufi 1,000, wanda a ƙarshe ya haura gida 2,000. A 1999 aka zo da shirin rufi 100,000, sai kuma babbar dokar shekarar 2000, wadda ta yi wa mai gida alkawarin za a sayi duk wutar solarsa a kan farashi mai tsoka har tsawon shekara 20. A Japan kuwa, a 1992 kamfanonin wuta suka fara karɓar rara daga gidaje, a 1994 gwamnati ta fara biyan wani kaso na kuɗin kafawa.

Sai mai karatu ya lura da abin da waɗannan mutane ke saye. Bajamushen da ya kafa sola a 2001 ba tsoron duhu ne ya kai shi ba, domin idan aka haɗa duk yankewar wutar da gidan Jamus ke gani a shekara guda, a matsakaici, mintoci ne da ba su kai rabin awa ba. Jari ya zuba, yana jiran riba duk wata. A irin wannan lissafi batir asara ne tsagwaronta. Saboda haka aka cire shi, tsarin ya koma faranti da inbata da mita kawai, farashi ya sauko, kasuwa ta buɗe. Arhar farantan da muke saye yau a Alaba, wani ɓangare nata daga wannan kasuwa ta samo asali, don ita ce ta sa masana'antun Sin suka shiga ƙera su da yawan gaske.

Inbata ɗan amshi

A nan sai mun ɗan tsaya mu fahimci yadda na'urar ke aiki. Wutar da faranti ke fitarwa mai tafiya ce a miƙe, irin ta batir. Wutar layi kuwa kai-komo take yi, sau 50 a kowane sakan a Najeriya da Turai, sau 60 a Amurka. Manyan injinan da ke juyawa a tashoshi, irin na Kainji ko Egbin, su ne ke kafa wannan bugu, kuma duk abin da aka jona da layi dole ya bi shi daidai wa daida. Aikin inbata shi ne ta mayar da wutar faranti irin ta layi.

Inbatar da aka ƙera don jonawa da layi ba ta ƙirƙiro bugun da kanta. Saurare take yi, ta ji bugun layi, sannan ta zuba tata wutar a kan sa, kamar dai 'yan amshi a bayan mawaƙi. Idan mawaƙin ya yi shiru, ba su da abin amsawa. Bayan haka kuma akwai batun daidaito. Wutar faranti na hawa da sauka da motsin girgije, buƙatar gida ita ma haka. Firji kaɗai idan zai tashi yana jan ninkin-ba-ninkin abin da yake ci in ya daidaita. Muddin layi na nan, shi ke cike giɓi ya kuma kwashe rara a cikin ƙiftawar ido. Idan babu shi, babu batir, ba abin da zai riƙe ƙarfin wutar a wuri ɗaya.

Da a ce wannan ne kawai, da ba a buƙaci doka ba, tunda na'urar za ta mutu da kanta. Abin da ya tayar wa injiniyoyi hankali shi ne wani yanayi da ba kasafai yake faruwa ba: a yanke wa unguwa wuta a daidai lokacin da abin da solar unguwar ke samarwa ya yi daidai da abin da gidajen ke ci. A irin wannan hali inbatocin na iya ci gaba da jin muryar junansu, kowace na zaton layi ne, unguwar ta zauna da wuta ita kaɗai. Wannan shi suka sa wa suna "tsibiri".

Haɗarin tsibiri iri biyu ne. Na farko, taransifoma ba ta san gaba da baya ba. Kamar yadda take sauko da bolt 11,000 zuwa 230 na gida, haka in ka tura mata 230 daga gida za ta ɗaga shi zuwa 11,000 a kan wayar sama. Ma'aikacin da ya kashe layi daga tasha, ya hau falwaya da yaƙinin waya a mace take, ko yaron da ya taɓa wayar da iska ta tsinka, ransa na cikin haɗari. Na biyu, idan kamfani ya dawo da wuta alhali bugun tsibirin ya saɓa da na layi, karon da za su yi na iya ƙona kayan mutane da na kamfanin.

Dokar sakan biyu

Kamfanonin wuta ba su yarda da maganar baki ba, sai da suka gwada. A tsakiyar shekarun 1980 wani kamfani ya kafa sola mai kilowat 2 a kan gidaje 30 da ke kan layi ɗaya a garin Gardner na jihar Massachusetts, don a ga abin da zai faru. A Japan ma, daga 1986, an gina filin gwaji a tsibirin Rokko da ke Kobe, inda aka jera ƙananan tsare-tsaren sola masu yawa ana yanke musu layi da gangan ana auna tsawon lokacin da za su ɗauka kafin su mutu.

Daga irin waɗannan gwaje-gwaje aka fito da dabaru biyu. Ta farko, inbata ta riƙa auna ƙarfin wuta da bugunta, da zarar sun fita daga iyaka ta kashe kanta. Ta biyu ta fi wayo: inbatar ta riƙa ɗan tura bugun gefe a kai a kai, kamar mutumin da ya jingina da bango yana ɗan tura shi. Idan layi na nan, ko gezau ba zai yi ba. Idan babu shi, bugun zai zame ya yi ta zamewa har ya fita daga iyaka, na'urar ta gane ita kaɗai ce, ta mutu. Ɗaya daga cikin sanannun hanyoyin yin haka na ɗauke da sunan cibiyar bincike ta Sandia da ke jihar New Mexico.

A Amurka an tattara waɗannan a ƙa'idar gwajin kaya mai lamba UL 1741 a 1999, sannan ƙa'idar IEEE 1547 ta 2003, wadda ta ce dole na'ura ta gane tsibiri ta daina tura wuta cikin sakan 2. Idan wuta ta dawo kuma ba ta shiga nan take, takan jira, galibi minti 5, ta tabbatar layin ya zauna. Wani bincike da aka wallafa a 2002 ƙarƙashin hukumar makamashi ta duniya ya nuna cewa yiwuwar tsibiri ya haɗu da ma'aikaci a kan waya ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Duk da haka ba a sassauta ba, domin a wancan lokaci kashe solar bai cutar da kowa: ba ta da yawa, yankewar wuta kuma ba ta daɗewa.

Da gudun ya zama matsala

Jamus ta ƙara tsaurara nata sharaɗin a tsakiyar shekarun 2000: idan bugun layi ya kai 50.2, wato ya ɗan haura 50 kaɗan, kowace ƙaramar inbata ta fita nan take. A lokacin duk solar ƙasar ba ta wuce megawat 2,000 zuwa 3,000 ba, don haka ba wanda ya damu.

Ranar 4 ga Nuwamban 2006 da dare, aka kashe wani babban layi da ya ƙetare kogin Ems a arewacin Jamus domin wani sabon jirgin ruwan yawon shaƙatawa mai suna Norwegian Pearl ya samu wucewa ta ƙarƙashinsa. Lissafi ya kuskure, sauran layuka suka yi nauyi suka fara faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, layin Turai ya rabe gida uku, gidaje kimanin miliyan 15 suka shiga duhu. A wani ɓangaren bugu ya faɗi ƙasa, a wani ya haura sama sosai. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa ƙananan masu samar da wuta, musamman injinan iska, da suka fice da kansu a lokacin da aka fi buƙatarsu, sun ƙara dagula al'amarin.

Dare ne, sola ba ta cikin lissafi. Amma zuwa ƙarshen 2011 solar Jamus ta kai kusan megawat 25,000, sai injiniyoyi suka yi wa kansu tambaya: idan irin wannan ya faru da tsakar rana fa? Dubban megawat za su fice a sakan guda, alhali ajiyar gaggawa da duk layin Turai ya tanada megawat 3,000 ce. Don mai karatu ya gane girman abin, duk wutar da layin Najeriya ke rabawa yawanci tsakanin megawat 4,000 ne zuwa 5,000. Wato ƙa'idar da aka kafa don kare layi ta zama abin da ka iya kayar da shi.

A 2012 gwamnatin Jamus ta fitar da doka aka bi tsare-tsaren sola sama da 300,000 ana sake saita su. Sabuwar ƙa'ida ta ce idan bugu ya haura 50.2 inbata ta riƙa rage wutarta sannu a hankali, kada ta fice gaba ɗaya sai abin ya kai 51.5. A Hawai, inda sola ta yi yawa a kan ƙaramin layi, kamfanin Enphase ya sake saita ƙananan inbatoci kimanin 800,000 ta intanet a 2015 ba tare da an hau rufin kowa ba. A 2018 aka sake rubuta ƙa'idar IEEE 1547, ta wajabta wa inbata ta daure ta zauna idan layi ya ɗan yi tangal-tangal. Sai dai sharaɗin sakan 2 na nan daram: in layin ya mutu da gaske, ita ma ta mutu.

Guguwa, girgizar ƙasa da dawowar batir

Masu gidaje da yawa ba su san da wannan sharaɗi ba sai da bala'i ya zo. A ƙarshen Oktoban 2012 guguwar Sandy ta afka wa gabashin Amurka, ta yanke wa gidaje da shaguna sama da miliyan 8 wuta. Jihar New Jersey na sahun gaba wajen yawan sola a lokacin. Bayan guguwa ta wuce rana ta fito, amma masu sola suka zauna cikin duhu kwana da kwanaki tare da maƙwabtansu, wasu ma suna bin layin sayen man janareta.

Japan, ƙasar girgizar ƙasa, ta riga ta yi wa abin tanadi. Inbatocin gidajenta na zuwa da wani soket na musamman: idan wuta ta yanke, mai gida ya raba na'urar da layi, ya juya ta zuwa aikin kai-da-kai, sai soket ɗin ya ba shi har wat 1,500 muddin akwai rana. Ba zai ɗauki gida duka ba, amma zai yi cajin waya, ya dafa shinkafa, ya riƙe firji. An ci moriyar wannan bayan girgizar ƙasar 11 ga Maris 2011, haka kuma a Satumban 2018 lokacin da duk tsibirin Hokkaido, gidaje kusan miliyan 3, ya rasa wuta baki ɗaya. Kamfanin SMA na Jamus ya kai irin wannan soket kasuwar Amurka a 2013.

Babban sauyin dai daga batir ya zo. Saboda wayoyin hannu da motoci masu lantarki, farashin batirin litiyom ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da farkon shekarun 2020. Jamus ta fara tallafa wa batirin gida a 2013, kamfanin Tesla ya fito da Powerwall a 2015. A Satumban 2017 guguwar Maria ta rusa layin Puerto Rico, wasu yankuna suka yi kusan wata 11 babu wuta. A garin Adjuntas ofishin wata ƙungiya mai suna Casa Pueblo, wanda ke kan sola da batir tun 1999, ya zama wurin da jama'a ke zuwa cajin waya da kunna na'urorin marasa lafiya. A Kalifoniya kuwa, bayan wayoyin wuta sun haddasa gobarar daji da ta ci rayuka 85 a 2018, kamfanin wuta ya koma yanke wa dubban ɗaruruwan gidaje wuta da gangan a Oktoban 2019 duk lokacin da iska ta yi ƙarfi. Daga nan kasuwar batir ta buɗe a jihar.

Tsarin da aka koma kai bai karya tsohuwar ƙa'ida ba. An sa wani makunni mai sarrafa kansa tsakanin gida da layi. Wuta na yankewa sai ya raba su, sannan inbatar batir, wadda ita tana iya kafa bugu da kanta, ta zama mawaƙin cikin gida, farantan su bi ta. Tsibiri ne, amma wanda bai wuce katangar gida ba. A 2021 Enphase ya fito da inbatar da ke iya yin haka da rana ko babu batir, amma ita ma sai da wancan makunni. Shi ne ginshiƙin abin, don a Turai akwai gidaje masu batir da ba a sa musu shi ba, kuma su ma ɗaukewa suke yi. An ga haka ranar 28 ga Afrilun 2025, lokacin da wutar Sifen da Fotugal ta ɗauke baki ɗaya da misalin ƙarfe goma sha biyu da rabi na rana: gidaje masu sola da ba su da wannan tanadi sun zauna ba wuta kamar kowa.

Mu da muka faro daga ƙarshe

Idan aka dubi namu tarihin sai a ga ta baya muka biyo hanyar. An kafa NEPA a 1972, ta koma PHCN a 2005, aka fara miƙa rarraba wuta ga kamfanoni 11 a Nuwamban 2013, amma har gobe yara "NEPA" suke ihu idan an kawo. A tsawon wannan lokaci gidan Najeriya ya koyi zaman tsibiri tun kafin ya ga farantin sola. Janareta ya fara shigowa, tare da makunnin canjin layi, wato cenjoba, wanda aikinsa shi ne ainihin aikin wancan makunni da Turawa suka dawo suna ƙerawa. A shekarun 2000 inbata da manyan batira suka shigo, galibi daga Indiya, ana cajinsu da wutar NEPA. Faranti shi ya zo daga ƙarshe, don ya yi cajin batirin da NEPA ta kasa cikawa. Cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, da ƙarin kuɗin wuta ga 'yan rukunin A zuwa naira 225 a Afrilun 2024, da duhun da yawancin jihohin arewa suka yi fiye da mako guda a cikinsa a Oktoban 2024 bayan an lalata manyan layuka, duk sun ƙara tura mutane ga sola.

Saboda haka inbatar da ta dace da gidanmu ita ce mai haɗa uku, wato faranti da batir da layi, wadda ke iya kafa bugunta. Wadda aka ƙera don jonawa da layi zalla, komai kyanta da arharta, a nan za ta yi aiki ne kawai a sa'o'in da rana da NEPA suka haɗu. Ko a lokacin ma ba lallai ba, domin idan saitin Turai ne a cikinta, wutarmu da ke zuwa ba ƙarfi ko bugunta na yawo za ta sa ta riƙa fita tana jira. Akwai kuma mitocin kati da ba su bambance wutar da ta shigo da wadda ta fita, sai su ci kuɗin mutum a kan wutar da ya bayar kyauta.

Dabarar da wasu ke yi ta kunna janareta don inbatar ta ɗauka layi ne, tana aiki, amma idan abin da gida ke ci bai kai abin da faranti ke bayarwa ba, rarar cikin janaretan za ta koma, ta iya lalata shi. Masana'antun da ke haɗa sola da janareta suna sa na'ura ta musamman mai rage wutar solar don kauce wa haka. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne jona inbata ko janareta da wayar gida ba tare da cenjoba ba, ko a gyara wayoyi ta yadda wutar gida za ta iya komawa layi. Duk tsoron da injiniyoyin Gardner da Rokko suka yi shekaru suna gwaji a kansa, a nan waya ɗaya da aka ɗaura ba daidai ba ta isa ta tabbatar da shi, kuma a unguwanninmu ba ma'aikacin kamfani kaɗai ke hawa falwaya ba.

Kammalawa

Wanda zai sayi sola, ko zai aika wa iyaye gida, ya tambayi mai sayarwa a fili: wannan inbata tana tashi idan babu wutar layi? Tana karɓar batir? Kuma me ke raba gidan da layi idan an ɗauke? Kada ya tsaya a amsar baki. Ranar da aka gama haɗawa, a kashe wutar layi daga mita a gabansa ya ga ko gida ya riƙe, sannan mai haɗawar ya auna ɓangaren layi ya nuna masa babu wutar da ke fita waje.

Sayar wa kamfani rarar wuta bai zama ruwan dare a gidajenmu ba tukuna, amma dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar tsara kasuwar wutarsu, Legas na cikin waɗanda suka karɓa, kuma farantai na ƙaruwa a kan rufi kullum. Duk ranar da gidajenmu suka fara tura wuta cikin layi da yawa, tambayoyin da Jamus da Amurka suka yi shekara talatin suna amsawa za su iso ƙofarmu: yaushe inbata za ta fita, yaushe za ta daure, wa zai duba saitinta kafin a jona. Su sun kafa ƙa'idarsu ne a kan layin da ba ya yankewa, daga baya suka yi ta kwaskwarima. Namu layin yana yankewa kullum, bugunsa kuma ba ya zama wuri ɗaya, don haka kwafo lambobinsu yadda suke ba zai yi mana ba; sai hukumominmu da injiniyoyinmu sun zauna sun auna namu. Allah Ya sa a yi hakan kafin a rasa rai a kai.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba.